Hannun Daman Surukina

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Mun faɗi haka da baki ranar Talata da hantsi, amma sai yanzu zuciya take ƙoƙarin yarda. Baba, mahaifin matata, ya cika a Gusau bayan jinyar da ba ta kai sati biyu ba. Aka ɗauke shi zuwa Furfuri, garinsu na haihuwa a ƙasar Bungudu, aka binne shi kusa da iyayensa kafin la'asar.

Kwana uku tabarmi ba su huta ba a ƙofar gidan. Masu buga takardu na Gusau sun rufe shaguna sun zo mota guda. Dangina sun zo daga Tsafe. Maƙwabcinsa na shago, wani mutumin kudu mai sayar da takarda da tawada, ya zauna a gefen tabarma da hularsa a hannu yana share ido. Ya ce shekara ashirin suna jere, bai taɓa jin Baba ya ɗaga murya ba sai a kan ruwa. Kowa da abin da ya tuna. Amma duk inda zance ya zaga, sai ya dawo kan hannun Baba na dama, wanda yatsu uku suka sandare, fatar bayansa ta tattare.

Taubashinsa, wani tsoho mai baki, ya yi kuka har ya gaji, sannan ya koma sana'arsa ta tsokana, kamar Baba na zaune yana ji.

"Ku dubi ikon Allah," in ji shi. "Mutumin ga ya ƙare rayuwa tai shina hana mutane taɓa ruwan aiki nai ba safar hannu. Ko wuce ƙohwar shago kay yi sai ka sha wa'azi. Sai ga shi, shi da kai nai ya tsoma hannu ciki awa mai wanke shinkahwa!"

Aka yi dariya, irin wadda ake yi a zaman makoki, mai fitowa tare da hawaye. Ni ina zaune a ƙarshen tabarma, kaina a ƙasa. Ban yi dariya ba, kuma ba wanda ya lura, domin ba a sa ran suruki ya yi dariya a ƙofar gidan surukai.

Ba haka aka yi ba. Baba bai yi ganganci ba. Ni na yi gangancin, shi kuma hannunsa ya tafi a kaina. Shekara goma sha ɗaya mu biyu kaɗai muka san wannan, yanzu kuwa saura ni. In na ci gaba da shiru, haka labarin zai zauna har jikokinsa su gada, a ce kakansu mai wa'azin safa ne da ya manta da tasa. Abin da ya hana ni sakat ke nan tun ranar Talata.

Sai na fara faɗin irin aikinsa, don wanda bai sani ba. Kafin inji ya buga kalanda ko katin aure ko littafin makaranta, sai an fara ɗora rubutun a kan wani siririn faranti na ƙarfe. Farantin yana da wani shafi a fuskarsa mai jin haske. Ana shimfiɗa fim ɗin rubutun a kai, a sa cikin akwatin haske na ɗan lokaci, sannan a wanke da wani ruwan magani. Ruwan ya cinye shafin a inda ba a so, ya bar rubutun tsaf. Wannan wankin shi ne aikin Baba tun yana saurayi, kuma a duk layin ba a kai faranti mai wuya ko'ina sai wurinsa. Har allunan tagulla na ƙofar ofisoshi yakan yi ta wannan hanya.

Ni kuwa malamin makaranta ne a Tsafe. Na haura talatin da biyar, da 'ya'ya uku, lokacin da zirga-zirgar hanya ta ishe mu muka dawo Gusau. Na iya kwamfuta, Baba kuma ido ya fara gajiya da tsara rubutu, sai ya aika wa matata cewa in maigidanta yana da sarari, akwai kujera a shago. Bai faɗa mini da bakinsa ba, kuma ban amsa masa da nawa ba. Da safe kawai na je, na cire takalmi, na durƙusa na gaida shi, ya nuna mini kujerar da haɓa.

Ruwan maganin nan yana zuwa ne da ƙarfinsa a cikin jarka, sai a surka shi kafin aiki. A jikin jarkar akwai dogon suna na Turanci wanda ni da nake taƙama da boko sai na tsaya sau uku kafin in kai ƙarshensa, da hoton hannu ana ɗiga masa ruwa yana cinyewa, da ƙoƙon kai. Baba bai damu da sunan ba. Ya ce dangin sodar da mata ke sabulu da ita ne, amma soda ƙanwarsa ce. In ka zuba shi a kofi ba za ka bambanta shi da ruwan randa ba. Ɗan ƙarni ne kawai da shi, sai wanda ya saba zai ji.

Ranar farko ya tsayar da ni a bakin ɗakin baya, yana kallon bango, ina kallon ƙasa.

"Malam, ruwan ga huskar salihai gare shi," ya ce. "Ruwan batir in ya taɓa ka, nan take za ka yi tsalle, ya yi ma adalci ke nan. Wanga kau ba ya zahi da hwari. Santsi za ka ji awa sabulu. To santsin ga ba nashi na ba, hwatarka ta ke narkewa. Kuma mai ƙarhin, in ya samu wuri mai hwaɗi, shina ratsa jiki shi kama numhwashi. Ka ji?"

Na ce na ji. Na kuma ɗauka cewa tsofaffi sun iya ƙara gishiri.

Dokokinsa ba su da yawa, amma ba ya sassauta ko ɗaya. Ba a buɗe jarka sai da safar roba mai kai wa gwiwar hannu, da tabarau mai rufe ido ta ko'ina, da leda mai kauri da ake ɗaurawa tun daga ƙirji har ƙwauri. Maganin ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa cikin magani ba. Ba a aiki da mai ƙarfin sai akwai mutum na biyu a kusa. Kuma ba a ci ba a sha a ɗakin. Wannan ta ƙarshe ita ta fi ba shi wahala, domin Baba mutumin goro ne. Ya kafa wani ɗan gwangwani a bakin ƙofa, in zai shiga sai ya ciro goron daga aljihu ya ajiye, ya dube shi kamar mai sallama da aboki a tasha, sannan ya shige.

Sai kuma duron ruwa. Famfon unguwar ba shi da alkawari, don haka akwai duro a cike kullum a ɗakin baya, da moɗa a rataye. Wannan ruwan ba na kowa ba ne. Na sha ganin manyan mutane, masu babbar riga, sun zo karɓar aiki lokacin azahar sun miƙa buta za su ɗiba, Baba ya tare hanya.

"Alhaji, ga masallaci can, akwai rijiya. Wanga na ranar tsautsayi na."

Wani ya taɓa yin fushi ya ce bai taɓa ganin Musulmin da ke hana ruwan alwala ba. Baba ya ɗauki butar da kansa, ya tafi har rijiyar masallaci ya ciko, ya kawo masa. Mutumin ya rasa inda zai sa kansa. Amma ranar da ruwan batir ya fantsama a idon wani mai cajin batir na bakin titi, Baba ne ya janyo shi da gudu, ya kwantar da kansa gefe, ya buɗe masa ido da yatsu, ya yi ta kwarara ruwan duron nan. Mutane suka taru, wannan ya ce a sa manja, wancan ya ce ƙwai, wata ta ce nono. Baba ya ce duk wanda ya matso da wani abu ban da ruwa sai ya mare shi. Mutumin yana nan da idonsa biyu, ya zo ta'aziyya rana ta biyu.

Rigimarsa mafi daɗewa kuwa da ƙanwarsa ce, Gwaggo, a kan jarka. Duk wanda ya san gidajenmu ya san ba a yar da jarka. Ta ruwa ce, ta mai ce, ta kunu ce ranar suna. Baba kuwa in magani ya ƙare, sai ya ɗauraye jarkar sau uku, ya zuba ɗaurayen a wani ganga da yake tara ruwan da ya gama aiki, domin bai yarda a zubar a kwata inda awaki ke sha ba. Sannan ya ɗauko wuƙa ya farke cikin jarkar daga sama har ƙasa. Wata rana Gwaggo ta zo daga Furfuri, ta tarar da shi yana yanka wata sabuwa fil, shuɗiya, mai murfi mai kyau.

"Yaya! Mi na haka? Kana da 'yan'uwa suna jido da tulu, kana yanka jarka awa rago?"

"Wagga ba ta ruwa ba ta."

"Sai in wanke ta da toka!"

"Ko da mi kinka wanke, ba ni ba ki."

Ta ce tun suna yara haka yake, in ya samu ɗan ilimi sai ya ɗora wa kowa a ka. Ta naɗe mayafi ta tafi ba sallama, ta yi wata biyu ba ta taka gidansa ba. Shi kuma bai je biko ba. Ranar kasuwa kawai ya sayi jarka biyu sababbi, waɗanda ba a taɓa zuba komai a ciki ba, ya ba direban motar Bungudu ya kai mata. Ta karɓa, ta aiko a ce masa ba su kai waccan kyau ba.

Ni da shi kuwa, shekara uku muka yi a shago ɗaya ba mu taɓa haɗa ido ba. Matata ita ce 'yar fari, ko sunanta ba ya faɗa, sai dai "mutanen gidanka." In abinci ya zo, ni sai in ɗauki nawa in fita bayan shago. In zan gyara zama sai na duba ko yana kallo. In na yi kuskure a rubutu, ba ya ce na yi kuskure, sai ya ce wa iska, "Wata ƙila a sake duba layi na ukku." A Tsafe haka aka rene ni, kuma ina alfahari da hakan. Mutane suna yabo suna cewa surukin Baba ɗan mutunci ne, ni kuma kaina yana kumbura.

Ranar Juma'a ce da safe, ƙarshen shekara, aikin kalanda ya yi mana yawa. Na zo da sabuwar shadda fara, riga da wando, don daga shago zan wuce masallaci. Mai jan inji ya fita kai aiki. Baba yana gaba yana magana da wani. An kawo sabuwar jarkar magani an ajiye a kan hanya, sai na ga bai kamata tsoho ya zo ya sunkuya ba ina zaune. Na ce bari in ɗaga masa ita kan kantar ajiye kaya. Na kalli ledar ɗaurawa a ƙusa, na kalli shaddata da ta sha guga, na ce ai ba buɗewa zan yi ba, ɗagawa ce kawai.

Murfin bai zauna daidai ba. Ina kai ta ƙirji sai ta karkace, ruwan ya kwararo mini daga cinyar hagu har idon sawu.

Ban ji komai ba. Sanyi kawai, da ɗan santsi. Na san dokar sarai, na ji ta sau ɗari: a tuɓe tufar nan take, a yi ta zuba ruwa, ba minti biyu ba, ba biyar ba, har sai an gaji an ƙara. Amma duron yana ɗakin baya, ɗakin ba labule, kuma Baba zai iya shigowa ko yaushe. In tuɓe wando a shagon surukina? Na rantse a lokacin mutuwa ta fi mini sauƙin tunani. Sai na ce a raina, gida ba nisa, in hau babur, minti ashirin na isa, in yi wanka in sauya kaya, ba wanda zai sani. Na ja rigar ta rufe wandon, na nufi ƙofa.

A bakin ƙofa muka yi karo da Baba. Idonsa a ƙasa yake kamar kullum, shi ya sa ya ga sawun da nake bari a siminti.

"Malam, mi na ga wandonka?"

"Ruwa ne, Baba."

Ya sunkuya ya shafi siminti da ɗan yatsa, ya murza. Sai ya ɗago ya dube ni tsakiyar ido, karo na farko tun da na auri 'yarsa.

"Tuɓe."

"Baba, bari in je gida..."

"Na ce tuɓe!"

Na tsaya kamar an dasa ni. Hannuna ya ƙi motsi. Shi kuwa bai jira ni ba. Ya cafki wuyan rigata ya ja ni ɗakin baya, tsoho mai shekara sittin da wani abu, ya tura ƙofa da ƙafa. Safarsa tana rataye taku uku daga inda yake, bai je ba. Ya kama zariyar wandon, ta jiƙe ta ɗaure tam, ya yi ta fama da ita da yatsu, ta ƙi. Ya naɗe yadin da ya jiƙe sharkaf a hannunsa na dama don ya raba shi da fatata, ya miƙa hagu ya ɗauko almakashi, ya keta wandon daga ƙugu har ƙasa, ya yar. Sannan ya fizgo moɗa ya fara zuba mini ruwa.

Abin da ba zan manta ba shi ne, da ya gama yankan, sai ya juya fuskarsa ga bango. Haka ya yi ta ɗiba yana zubawa, kansa a juye, yana tambaya, "Ya kai ga gwiwa? Matsa da ƙahwar. Bayan cinya hwa?" Ni ina tsaye ina kuka kamar yaro, ba don zafi ba, domin har lokacin zafin bai zo ba. Can na ga hannunsa ya yi ja, ya fara yin fari a tsakanin yatsu. Na ce, "Baba, hannunka." Ya tsoma shi cikin moɗa sau ɗaya ya fitar, ya ci gaba. Famfo ba ruwa ranar. Duro ɗaya ne, ƙafata kuma doguwa ce. Ya san lissafin fiye da ni. Sai da moɗa ta fara karo da gindin duro sannan ya tsaya, ya cire babbar rigarsa, ya miƙo mini ta baya.

Kafin mu fita ya ɓamɓaro takardar jikin jarkar ya sa a aljihu, don likita ya san da me yake faɗa. A cikin keke mai ƙafa uku jiri ya fara ɗibata, yawu ya cika mini baki, ƙirjina ya yi nauyi. Baba ya riƙe kafaɗata da hannun hagu, na daman yana kan cinyarsa a buɗe. Yana kallon titi ya ce, "Abin ga ya tsaya nan. Ba a hwaɗin irin wagga."

Na kwana biyu a asibiti ana duba numfashina. Likitar ta karanta takardar, ta tambayi minti nawa aka yi kafin a cire tufar, ta ce da na hau babur da wandon nan da ba ta san a wane ɗaki za a karɓe ni ba. Hannun Baba kuwa maganin ya riga ya shiga can ciki. Wata biyu yana naɗe.

Bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Na taɓa ba safa." Gaskiya ne kuwa. Mutane suka ƙarasa sauran da kansu. Matata ta ɗauka cewa a hannun mahaifinta jarkar ta kuɓuce har ta fallatsa mini. Tana wanke mini ciwo tana cewa in yi haƙuri, tsufa ne ya fara kama Baba. Ta ba ni haƙuri a madadinsa, ni kuma na karɓa. A duk abin da na yi a rayuwa, wannan ne nake jin ƙyamar kaina in na tuna.

Inna, matarsa, ita ta riƙa ba shi abinci a baki har aka kwance hannun, daga baya ya koma cin tuwo da cokali. Ta samu abin tsokana na har abada. In ya ce ta yi hankali da wuta, sai ta ce, "To, sarkin hankali." In jika ya kusanci tukunya ya tsawata, sai ta ce, "Ku ji mai wa'azi." Shi kuma sai ya yi murmushi ya ɗaga hannun ya juya shi, ya ce ai malami na gari da misali yake koyarwa. Ya daina wanke faranti masu ƙananan rubutu, aikin da ya fi so, domin yatsun ba sa riƙe soso yadda yake so. Yakan tsaya a bayana ina yi, in ji numfashinsa, in san hannunsa ne ke ƙaiƙayi.

Da ya koma shago ya sayi duro na biyu. Ya sa aka ɗaura labule a kusurwar da duron yake, ya kafa ƙusa ya rataye zani mai tsabta da almakashi. Bai ce don me ba. Amma duk sabon ma'aikaci da ya zo, bayan safa da tabarau, sai ya ƙara masa da wata doka da ba ta cikin na da: "Ruwan ga bai san kunya ba. In ya zuba ma, ko gaban wa kake, tuɓe." In yana faɗa, ni sai in sami abin dubawa a kwamfuta.

Sau ɗaya na yi ƙoƙarin gode masa. Mahaifina ya rasu, Baba ya raka ni Tsafe, muna dawowa a bas muna zaune kafaɗa da kafaɗa, abin da bai taɓa faruwa ba. Raina a karye yake, na ga in ban faɗa yau ba, ba zan faɗa ba. Na ce, "Baba, game da ranar nan..." Ya leƙa taga ya ce, "Malam, dubi geron ga. Bana Allah ya ba su." Na dubi geron. Har muka shiga Gusau zancen gero muke yi.

Ina kewarsa. Ina kewar tarin da yake yi a bakin ƙofa don in san ya iso in gyara zama. Ina kewar "a sake duba layi na ukku." Na ɗauka akwai lokaci, cewa wata rana tsufa zai sassauta mu duka biyu, mu zauna mu yi maganar kamar maza. Ranar Talata, da aka shiga da ruwa za a yi masa wanka, 'ya'yansa maza da taubashinsa suka shiga, ni na tsaya a waje, domin suruki ba ya shiga. Mutumin da ya wanke ni da hannunsa, ni ko moɗa ban miƙa ba.

Ranar addu'ar bakwai, bayan la'asar, mutane sun ragu. Na ce wa matata ta raka ni wurin Inna. Ta dube ni da mamaki, domin gaisuwata da Inna ba ta taɓa wuce bakin ƙofa ba. Na durƙusa a waje, labule a tsakaninmu, matata ta shiga ta zauna kusa da ita. Na yi gaisuwa, na yi ta'aziyya, sannan na faɗi komai, tun daga shaddar har moɗar da ta kai gindin duro. Ban rage ba, har haƙurin da na karɓa daga 'yarta.

Da na gama, sai na ji matata tana shessheƙa.

"Shekara sha ɗaya," in ji Inna, a hankali. "Shekara sha ɗaya ina yi mai gori bisa hannun ga. Ko ranad da ciwo ya kwantar da shi sai da nic ce mai sarkin hankali. Ya yi dariya."

"Ki gafarce ni, Inna. Laifina ne."

Na ji motsin tabarma, sai labulen ya ɗaga. Ita da kanta ta ɗaga shi, tana zaune cikin kayan takaba, idonta ya kumbura.

"Shigo."

Na kasa. Na ce, "Inna..."

"Shi ya ce ma tuɓe ka tsaya gardama. Ni ma gardamar za ka yi min? Shigo, in ga ƙahwar."

Na shiga da rarrafe. Na zauna, na miƙe ƙafar hagu a gaban surukata, na naɗe wando zuwa gwiwa. Tabon yana nan a ƙwauri, ɗan siriri, ya dushe har sai an lura. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Ta ce in motsa yatsun, na motsa. Ta ce in lanƙwasa gwiwa, na lanƙwasa.

"Kana tahiya da ita ba ciwo?"

"Ba ciwo, Inna."

"Kana sujada?"

"Ina yi."

Ta gyara zama, ta share fuska da gefen mayafi.

"To, bai yi hasara ba," ta ce. "Allah shi jiƙan shi."